Mai kala ko fari-da-baƙi?

Salamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto. In za ka ɗauki 'yan koroso da rana a Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, don Allah bar hotonka mai kala. Kayan adon nan nasu rabin rawar ne, cire launin rage armashi ne.

Wasan daɓe da daddare kuwa, fitilu ja da shuɗi kan ɓata fuskar ɗan wasa, sai ka ce marini ya fito daga Ƙofar Mata. Nan fari-da-baƙi ke rufa asiri. Ko ka ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 3200, ɗige-ɗigen da hakan ke jawowa a hoton ba sa muni.

Ni dai da RAW nake ɗauka, wato nau'in fayil mai ajiye duk bayanan hoton har da kala, in na koma gida na zaɓi mai kala ko fari-da-baƙi. Wanda ya ɗauki fari-da-baƙi da JPEG, wato fayil ɗin hoto na yau da kullum, kalarsa ta tafi ke nan.