Yadda Nake Tarar Ciwon Ɓarin Kai da Magani Biyu

Ɗinki nake yi a Aboabo, nan Kumasi, kuma ciwon ɓarin kai ya daɗe da sanin ƙofar shagona. Ƙyalli yake fara yi min a ido, sai bugu a gefen hagu, sai tashin zuciya. Da can farasitamol kawai nake ta haɗiya, kamar na jefa tsakuwa a rijiya.

Likita ce ta fahimtar da ni dalili: in ciwon ya tashi, ciki yakan yi nawa, ƙwayar ta zauna ba ta shiga jiki da wuri. Shi ya sa ake haɗa maganin ciwo da na amai. Farasitamol miligiram 1,000 ko asfirin 900, tare da metoclopramide 10, wanda ke kwantar da tashin zuciya ya kuma tura abin da ke ciki gaba. Ki sha da zarar bugun ya soma, 'yar'uwa, kada ki ce bari in ƙarasa wuyan rigar nan. Na yi wannan gangancin sau da yawa.

In wannan bai ji ba, akwai sumatriptan da naproxen 500 a tare. Na farko yana saurin kashe ciwon, amma ciwon yakan dawo. Na biyun yana daɗewa a jiki, shi ke tare masa hanya. A Amurka tun 2008 aka haɗe su a ƙwaya guda. Wannan sai da takardar likita, don mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba, ba ya shan sumatriptan. Kada kuma a sha shi da ergotamine, wani maganin ɓarin kai, cikin awa 24. Mai gyambon ciki ta bar asfirin da naproxen, mai juna biyu ta tambaya tukuna.

Tiramadol kuwa, ko kyauta aka ba ki, a'a.

Ina sa alama a kalandar shago duk ranar da na sha, don shan sumatriptan kwana 10 a wata, wata bayan wata, shi kansa yana haifar da ciwon kai. In ciwon ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba ki saba ba, ko da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko hannu ya mutu, a sa ki a mota sai asibitin Komfo Anokye.