Yadda ake gano abin da ke yawan kashe kik a mota mai jan ƙafa huɗu

A ƙarshen damina aka turo wata Hilux mai shan dizal garejinmu. Mai ita ya ciro buhu daga baya ya zazzage mini kik guda biyu a ƙasa, na ukun yana jikin motar, shi ma ya mutu. Duka a cikin wata takwas. Ya ce, "Malam, ka nemo mini na asali, ko nawa ne zan biya, na gaji da jabu." Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan saya ba tukuna. Ruwa ba ya tsami banza."

Kik, wato na'urar lantarkin da ke juya inji ya tashi in an murza makulli, in mai kyau ne yana shekaru yana aiki. In ya mutu sau ɗaya, wataƙila tsufa ne. In kuwa ya mutu sau biyu ko uku a shekara, to akwai abin da ke kashe shi, kuma abin yana nan a jikin motar yana jiran na huɗu.

Kafin ka shiga ƙarƙashin motar, ja birkin hannu, ka sa wa taya dutse gaba da baya. A mota mai jan ƙafa huɗu wannan ba wasa ba ne: in ƙaramin sandan giya, wanda ke sa jan ƙafa huɗu, yana kan N, to ko da babbar giyar tana kan P, motar za ta iya gangarowa kanka. Cire agogo da zobe. Duk lokacin da za ka kwance kik, fara cire kan batir mai alamar −.

Mataki na 1: Saurari motar, ka tambayi direba

Ƙara ɗaya "ƙas" sannan shiru, galibi wuta ce ba ta isa, ko tagullar cikin solonoi, wato makunnin da ke jikin kik yana ba shi wuta, ta cinye. "Ƙas-ƙas-ƙas" a jere, batir ne ya yi sanyi ko kansa ya yi datti. Juyi a hankali kamar mai jin barci, wuta ce ko injin ya yi nauyi. Kik yana gudu fiii injin bai motsa ba, bendis ne, wato ɗan ƙarfen kik mai haƙora da ke kama injin ya juya shi. Ƙarar gurzar ƙarfe kuma haƙoran kik ne ko na filawil, wato babban faifan inji da kik ke juyawa. Tambayi direba ko da safe abin ke faruwa ko bayan doguwar tafiya, da kuma aikin da aka yi wa motar kafin matsalar ta fara. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe takan rage rabin aikin.

Mataki na 2: Buɗe wanda ya mutu

Yawancinmu muna jefar da tsohon kik ne, alhali shi ne babban shaida. Kwance shi a kan tsumma mai tsabta. Idan amecha, wato naɗin wayar da ke juyawa a tsakiyar kik, ta yi baƙi, tana warin ƙonewa, dalmar jikinta ta narke, zafi ne ya kashe shi: ko an daɗe ana murza makulli, ko wuta ta yi masa kaɗan. Idan ka tarar da laka da tsatsa, burushi, 'yan gawayin da ke kai wa amecha wuta, sun maƙale a gidajensu, ruwa ne. Idan cikin ya yi danƙo da baƙin mai haɗe da ƙura, akwai inda ke tsiyaya a kansa. Idan wayoyin amecha sun tarwatse, bendis ya yi shuɗi, to kik ɗin ya ci gaba da manne wa injin bayan motar ta tashi.

A kik ɗin Denso, wanda ke kan yawancin Hilux da Land Cruiser, buɗe murfin solonoi ka duba tagulla biyun da ke ciki da faifan da ke haɗa su. Suna cinyewa da amfani, kuma ana canza su su kaɗai da kuɗi kaɗan. Kik da yawa da aka ce sun mutu, iyakar ciwonsu kenan.

Na Alhaji duka ukun ƙonewa suka yi, iri ɗaya sak.

Mataki na 3: Auna batir

Da mitar auna wuta, ba da tartsatsin waya ba. Batir mai cikakken caji, bayan ya huta, yana nuna kusan bolt 12.6. In ya sauka zuwa 12.2, rabin cajinsa ya tafi. Sa wani ya murza makulli kana kallon mita: kada ya faɗi ƙasa da 9.6. In motar ta tashi, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta na caji. Idan motar mai batir biyu ce, raba su ka auna kowanne daban, domin mara lafiyar yakan ɓuya a bayan ɗan'uwansa yana zuƙe shi.

Mutane na mamakin yadda ƙarancin wuta ke ƙona kik. Dalilin shi ne, kik mai juyi a hankali ya fi mai juyi da sauri jan amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta cikinsa, ga shi kuma dole a daɗe ana murza shi. Amfiyar nan ita ke komawa zafi a cikinsa.

Mataki na 4: Nemo inda wuta ke zubewa a hanya

Nan na fi so mai karatu ya nutsu, don nan ne aka fi tsallakewa. Kik na injin dizal yana jan amfiya ɗaruruwa a lokacin tayarwa. Waya tana iya kunna fitila da rediyo lafiya ƙalau, amma ta kasa ɗaukar wannan nauyi. Shi ya sa ido ba ya gano ta, kuma aunawa motar na kashe ba ya nuna komai. Sai ana cikin murza makulli.

Hana injin tashi tukuna: a mai fetur cire fis ɗin famfon mai, a tsohon dizal cire wayar da ke buɗe mai a jikin famfon injekta. Sa jan tsinken mita a kan dalmar batir mai alamar +, a kan dalmar kanta ba a kan maƙalin ba, baƙin tsinken kuma a babban notin kik. A murza. Abin da mita ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya, kuma bai kamata ya wuce bolt 0.5 ba. Sai ka koma ɗaya gefen: jan tsinke a jikin ƙarfen kik, baƙi a dalmar batir mai alamar −. Nan kada ya wuce 0.3. In lambar ta yi yawa, riƙa matsar da tsinken gaɓa-gaɓa har ka ga inda ta faɗi. Bayan gwajin shafa wayoyin da hannu, inda ya yi ɗumi nan ne ɓarakar.

A Hilux ɗin Alhaji gefen − ya nuna sama da bolt ɗaya. Da na bi wayar at, wato mai kaurin nan da ke haɗa injin da batir da shasi, sai na tarar an ɗaure ta a kan fenti da tsatsa, notin ma hannu ke juya shi. Da na tambaya, ashe an sauke giyabos an canza kuloci wata tara da suka wuce. Na yanka bakin wayar, cikinta ya koma kore kamar garin kuka. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin kik uku sun tafi a kan abin da bai kai kuɗin buhun gawayi ba.

Mataki na 5: Ƙaramar waya da makulli

Siririyar wayar da ke zuwa solonoi ita ma a auna ta ana murzawa. Ya kamata ta kawo kusan abin da batir ke da shi. In ta gaza, solonoi ba ya kamawa da ƙarfi, tagullar na tartsatsi tana cinyewa. Duba rile, wato ɗan makunnin da ke aika wa solonoi wuta, da makunnin da ke hana mota mai otomatik tashi sai giya na kan P ko N, da duk inda masu sa na'urar hana sata suka yanka waya suka naɗe da salatif. Sannan ka tabbata makulli yana dawowa da kansa in an sake shi.

Mataki na 6: Injin da ba ya tashi da wuri

Kik an yi shi ne don aikin 'yan daƙiƙoƙi. Motar da sai an yi ta fama da ita kowace safiya, musamman da hunturu, za ta cinye kowane irin kik. A dizal duba hita fulog, masu ɗumama injin kafin ya tashi, ɗaya bayan ɗaya, da nozul, da matatar mai, da iskar da ke shiga layin mai cikin dare. Injin 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, matsin iskar cikin silindarsa ya haura 22 bisa 1, ninki biyu na injin fetur, don haka juya shi ba ƙaramin aiki ba ne. Ka gaya wa direba kada ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 yana murzawa, ya bar shi ya huce kamar minti ɗaya. Kuma a daina jan mota da kik tana cikin giya don a fitar da ita daga yashi.

Mataki na 7: Haƙora da zama

Lokacin da kik ke waje, haska ramin da tocila, wani ya riƙa juya injin da sifana a hankali har filawil ta zagayo. Injin yakan tsaya ne a wurare ƙayyadaddu, mai silinda huɗu a wuri biyu, mai shida a wuri uku, don haka lalacewar na taruwa a nan, kana iya duba wani gefe ka ga lafiya. Ƙirga haƙoran sabon kik ka gwada da na asalin motar. Kama a ido ba ita ce daidai ba, balle ma akwai Land Cruiser masu tsarin bolt 24.

Mataki na 8: Ruwa, mai da zafi

Wannan shi ne rabon motar daji. Ketare rafi da damina, laka, da wankin injin da ruwa mai ƙarfi duk suna shigar da ruwa cikin kik. A injin V8 na Land Cruiser, 2UZ mai fetur da 1VD mai dizal, kik yana kwance ne a kwarin tsakiyar injin, ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke kai wa injin iska. Laka na taruwa a wurin, kuma kai wa gare shi aikin sa'o'i ne, saboda haka kada a rufe sai an wanke kwarin tas. Toshe duk inda mai ke ɗiga. In kik na kusa da salansa, tabbata farantin da ke kare shi daga zafi yana nan, domin sau da yawa ana cire shi a manta.

Alhaji bai sayi na huɗu ba. Mun haɗa guda ɗaya mai kyau daga cikin ukun, da sababbin burushi da tagulla da amecha, na sa sabuwar wayar at mai kauri, na kankare mazauninta har ƙarfe ya yi fari, na shafa giris. Muka sake aunawa, gefen − ya nuna 0.2. Na rubuta masa lambobin a takarda, na ce ya ajiye a aljihun mota, ya dawo bayan damina mai zuwa mu sake aunawa mu gwada.