Yadda ake saka ƙananan ayyuka a ƙarƙashin babba a ClickUp

ClickUp manhaja ce ta tsara ayyuka. Da farko buɗe folda, misali "Bikin ƙanwata", sannan ka yi lis, wato jerin ayyuka, a cikinta, don a ClickUp aiki baya zama kai tsaye cikin folda sai cikin lis. To a lis ɗin rubuta babban aikin, kaman "Haɗa lefe".

Shiga cikinsa, danna wurin ƙara ƙaramin aiki, ka jera akwati, atamfa, takalma, kowanne ka sa masa mai yi da ranar gamawa, wannan fa shine amfaninsa don kar kowa ya ce ai shi bai sani ba.

Ƙaramin yana bin uwarsa ne, in ka matsar da lefe wani lis dukansu zasu bishi. Don Allah kafin ka rufe babban duba ko takalman sun iso.