Yadda ake rubuta memori a fayil ɗin DTS don kar bod ya yi maka shiru

DTS shi ne fayil ɗin da ke faɗa wa kanel na Linux kayan da ke kan bod. Ba zan tsaya bayanin dtc, manhajar da ke sarrafa shi, ko yadda ake haɗa kanel ba, wanda ya iso nan ya wuce wannan. Abin da nake gani kullum shi ne mutum ya samu sabon bod, ya kwafo reshen memori daga DTS ɗin wani bod daban, ya kunna, U-Boot, manhajar da ke tayar da kanel, ya rubuta "Starting kernel ..." shi ke nan sai tsit, ya kwana yana zargin kanel alhali layi ɗaya ne ya kayar da shi.

Da farko ka nemo inda DDR, wato RAM ɗin bod ɗin, ya fara a cif ɗinka, kuma daga littafin cif ɗin za ka ɗauko, ba daga ka ba. AM335x na BeagleBone Black yana farawa a 0x80000000, i.MX6 Quad a 0x10000000, STM32MP1 kuma a 0xC0000000. Sai girma, a nan ka kula da ƙaramin b da babban B, in an rubuta 4Gb a jikin cif ɗin DDR to 512MB ke nan, ba 4GB ba. 256MB shi ne 0x10000000, 512MB 0x20000000, 1GB 0x40000000, haddace su kawai.

memory@80000000 {
device_type = "memory";
reg = <0x80000000 0x20000000>;
};

Layin device_type ɗin nan dole ne, da shi kanel ke gane reshen. Lambar bayan @ kuma adireshin farko ne ba tare da 0x ba.

To yanzu inda ake faɗuwa. Kafin ka taɓa reg, layin da ke ɗauke da adireshi da girma, hau can saman fayil ɗin, tushen bishiyar, ka duba #address-cells da #size-cells, in ba ka gansu a .dts ba suna cikin .dtsi ɗin da aka jawo, bi su har sai ka gani da idonka. Su ke faɗin lambobi nawa ne adireshi, nawa ne girma, kuma kowace lamba bit 32 ce. Misalin sama na 1 da 1 ne. A yawancin cif masu bit 64 za ka tarar 2 da 2, a nan sai ka rubuta <0x0 0x80000000 0x0 0x20000000>. In ka sa mai lamba biyu a inda ake jiran huɗu, kanel bai ga memori ko kaɗan ba, amma dai dtc kan yi gargaɗi cewa tsawon reg bai yi ba, wanda mutane ke wucewa ba su karanta. Akasin haka ya fi muni wallahi, ka sa mai lamba huɗu a ƙarƙashin 1 da 1, dtc ba zai ce komai a kan tsawon ba tunda huɗu ta rabu biyu-biyu daidai, sai kanel ya karanta shi a matsayin yanki biyu, na farko daga adireshi 0 mai girman 2GB, na biyu shi ma daga 0, wurin da a cif ɗinka wataƙila ba DDR ba ne sam. Ni ƙa'idata, kowane yanki da bakansa, ba na cusa su wuri ɗaya. Dubi Zynq UltraScale+ mai 4GB, 2GB a ƙasa sauran can sama:

reg = <0x0 0x0 0x0 0x80000000>, <0x8 0x0 0x0 0x80000000>;

haka ido ke ƙirga huɗu-huɗu nan take.

Sai wani abu mai ruɗa mutane, ka gyara reg amma ka ga babu abin da ya canja. A bod da yawa U-Boot ne ke goge abin da ka rubuta ya sa girman da shi ya sani kafin ya miƙa wa kanel, don haka tsaya a U-Boot ka buga bdinfo, in shi ne ke da kuskuren to can za ka gyara. Duk wannan ba sai ka sayi JTAG, na'urar binciken cif, ba, wayar siriyal ta USB ta isa, ka dai ƙara earlycon a bootargs, umarnin da ake miƙa wa kanel lokacin tashi, don kanel ya yi magana da wuri.

Wurin da fam-waya (firmware) ko wani ƙaramin furosesa ke amfani da shi, kar ka rage reg don ka ɓoye shi, sa shi a reserved-memory da no-map, #address-cells da #size-cells ɗinsa su zo ɗaya da na tushe, kar ka manta da ranges. In bod ya tashi ka duba System RAM a /proc/iomem, sannan dtc -I fs -O dts /sys/firmware/devicetree/base zai nuna maka ainihin abin da kanel ya karɓa. In MemTotal na /proc/meminfo ya ɗan gaza abin da ka rubuta ba matsala ba ce, kanel ya ɗebi nasa.