Kafin ki tambayi wa ya san tela

'Yan uwa mata, don Allah in za ki nemi a nuna miki tela, ki ƙara bayani. Maraɗi da faɗi, wadda ke Bagalam in aka tura ta Ali Ɗan Sofo, kuɗin kabu-kabu ma abin dubawa ne. Faɗi unguwarki, shadda ce ko atamfa, jika nawa kika tanada, da ranar da kike so.

Bara gab da ƙaramar salla aka nuna mini wani, ban bincika ba. Daren salla na tarar da shaddata a ninke gefen kekensa, ko almakashi bai sa mata ba. Har kuka na yi. Yanzu duk wadda ta ba ni shawara sai na tambaye ta: ke da kanki ya taɓa yi miki ɗinki, kuma ya cika alkawari?