Yadda Ake Zaɓen Gilashi Mai Tare Harsashi Ga Shago Ko Mota A Legas

Duk ɗan canji ko mai sayar da zinare da ya yi niyyar sa gilashi mai sulke a kantarsa, ko a Broad Street yake ko a Allen Avenue da ke Ikeja, ya kamata ya fara da cire kalmar "ba ya ji" daga bakinsa. Babu gilashin da harsashi ba ya huda shi. Abin da ke akwai shi ne gilashin da aka gwada da wata bindiga takamaimiya, daga wani nisa, aka harbe shi sau kaza, ya tsaya. Saboda haka tambayar da za ka yi wa dillali ita ce: wane mataki ne wannan, kuma ina takardar gwajinsa?

Kafin a zo ga matakai, ka nemi a ba ka guntun samfuri ka juya shi ka dubi gefensa a haske. Za ka ga falle-falle ne a jere kamar shafukan littafi: gilashi, sai siririyar roba mai danƙo, sai wani gilashin, a ƙarshe kuma wata roba mai tauri wadda ake kira polikabonet. Fallen waje mai tauri shi ke baje kan harsashi ya rage masa kaifi, danƙon da ke tsakani ya riƙe tarwatsattsun gutsattsari, robar ciki kuma ta lanƙwasa ta shanye sauran ƙarfin. Wannan ne ya sa gilashin yake da gaba da baya. Idan mai aiki ya juya shi ya sa fuskar robar tana kallon titi, an yi asarar kuɗi, kuma ba za a gane ba sai ranar da ba a fata.

Ma'aunai biyu ne za ka fi cin karo da su a takardun kayan da ke shigowa ta tashar Apapa. Na Turai, EN 1063, ya jera matakai daga BR1 zuwa BR7. BR1 na ƙaramin harsashi ne mai lamba .22, wanda ba shi da amfani ga ɗan kasuwa. BR2 yana tare harsashin fistol mai milimita 9, BR3 na .357 Magnum ne, BR4 kuma na .44 Magnum, wato matakin ƙarshe na bindigogin hannu a wannan ma'auni. Daga BR5 aka shiga manyan bindigogi: shi na harsashi mai milimita 5.56 ne, BR6 ya haɗa da na 7.62×51 irin na bindigar soja G3, BR7 kuma na harsashi mai taurin ciki wanda aka ƙera domin huda sulke. Bindigar farauta tana da nata matakai daban, SG1 da SG2. A gwajin, ana harba harsashi 3 a kan gilashi mai faɗin santimita 50 ta kowane gefe, a bar tazarar santimita 12 tsakanin kowane harbi, daga nisan mita 5 idan bindigar hannu ce, mita 10 idan babba ce.

Ma'aunin Amurka, UL 752, yana da wani tarko da ke kama mai saye. A tsohon tsarin lambobinsa, na kafin 2023, mataki na 1 zuwa na 3 na bindigogin hannu ne, na 4 da na 5 na babbar bindiga ne amma harbi ɗaya tak, sai na 6 ya sake komawa kan harsashin milimita 9, harbi 5. Ke nan wanda ya ji an ce "mataki na 6" ya ɗauka ya fi na 5 ƙarfi ya yi kuskure babba. Wanda ke jure harbi 5 na 7.62 shi ne mataki na 8.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi magana kan AK-47, domin ita ce bindigar da kowa ke tunawa idan an ambaci 'yan fashi a ƙasar nan. Nauyin harsashinta kusan ɗaya ne da na fistol mai milimita 9, wajen giram 8 kowanne. Bambancin yana ga gudu: na fistol yana tafiya kusan mita 400 a daƙiƙa, na AK-47 kuwa ya haura mita 700. Da yake ƙarfin bugu yana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa, harsashin AK-47 yana dukan gilashi da ƙarfin da ya ninka na fistol sau uku da ɗoriya, ga shi kuma da tsini, sau da yawa da ƙarfe a cikinsa maimakon dalma zalla. Gilashin BR4, duk da kaurinsa da tsadarsa, ba a yi shi don wannan ba. Wanda AK-47 ce damuwarsa, ya nemi BR6, kuma ya tambaya ko an gwada shi da harsashin 7.62×39 ɗin kansa, tun da EN 1063 bai sa wannan harsashi cikin jerin matakansa ba. Ma'aunin Jamus na VPAM ne ya ware masa gurbi. A ganina, wanda kuɗinsa bai kai BR6 ba gara ya rage faɗin tagar ya sayi mai ƙarfi, da ya shimfiɗa babban gilashi mai rauni domin ado.

Ka kuma duba ko an rubuta NS ko S a bayan lambar. NS na nufin ko an harbi gilashin, ɓarɓashi ba ya fallatsowa ciki. Mai S yana iya tare harsashin amma ya watsa wa kashiya tsinin gilashi a fuska, kuma mutumin da ke zaune taƙi biyu daga kanta ba shi da wurin kaucewa.

Sai maganar nauyi da firam, inda aikin ya fi lalacewa. Gilashin BR4 yakan kai kaurin milimita 20 da 'yan kai, na BR6 kuma wajen milimita 40, kuma kowace murabba'in mita ta irin wannan tana kusantar kilo 90. Firam ɗin alminiyon na tagar gida ba zai ɗauki wannan ba, kuma ko ya ɗauka harsashi zai ratsa shi. Na taɓa shiga wani shagon canji a cikin Eko inda maigidan ya ƙwanƙwasa mini gilashinsa da zobe yana murmushi, ni kuwa da na sunkuya sai na ga ƙasan kantar falankin katako ne da aka shafa wa fenti, daidai inda cikin yaron shagon yake. Dole bango, ƙofa, ƙasan kanta da firam su kasance a mataki ɗaya da gilashin, bakin gilashin ya nutse sosai cikin ƙarfe, wurin miƙa kuɗi kuma ya zama kwano mai lanƙwasa ta ƙarƙashi, ba rami a tsakiyar gilashi ba. Ba a yanka wannan gilashi ko a huda shi a wurin aiki, don haka a auna da kyau kafin a yi oda.

Ga mai son mota, gilashi kaɗai ba ya mai da ita mota mai sulke. Sai an sa ƙarfe a ƙofofi da ginshiƙai, an ƙarfafa birki da sifirin saboda ƙarin nauyi, kuma tagogin galibi ba sa sauka gaba ɗaya. Shigo da irin wannan mota Nijeriya yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Direba kuma ya sani cewa gilashin da ya sha harbi yana yin fari fat kamar an watsa masa gari, kuma kowane harbi yana raunana inda ya sauka, don haka aikinsa shi ne ya fitar da motar daga wurin nan take, abin da ke da wuya idan cunkoson gadar Third Mainland ya riƙe shi ba tare da ya bar tazara tsakaninsa da motar gabansa ba.

Yanayin Legas ma yana cin wannan gilashi. Zafin rana da laimar teku suna shiga ta gefe su raba fallayen, sai ka ga kumfa ko wani fari-fari yana tasowa daga kusurwa, ko robar ta fara komawa rawaya. Idan haka ta bayyana, a kira masu aikin su duba, kada a ci gaba da dogara da shi. Wajen wanki, a yi amfani da tsumma mai laushi da ruwan sabulu mara ƙarfi. Kada a kusanto da fetur, kananzir, tina ko ruwan goge gilashi mai amoniya ga fuskar ciki, domin suna sa polikabonet ya tsattsage, kuma kada a manna masa sitika ko takardar farashin dala ta ciki, tun da gam ɗin da rezar da za a kankare shi da ita duk suna yi masa illa. A riƙa duba robar da ta toshe gefen firam kafin kowace damina, a sabunta ta da zarar ta fara ɓanɓarewa.