Darasi na 9: Hanyar Mai a Jikin Babur

Babur yakan ƙi tashi da sassafe, ko ya riƙa shaƙewa a kan hanya, mai shi ya ce fulogi ne. Sau da yawa man ne ba ya wucewa yadda ya kamata. Daga tanki yake saukowa, ya bi ta makunni, ya shiga tiyo, ya ratsa filta, sannan ya faɗa kafireto inda yake gauraya da iska. Duk abin da ya shiga ta bakin tanki, wannan hanyar zai bi.

A ƙauyukanmu gidan mai ya yi nisa, wajen 'yan bumburutu muke saye. Galan da kwalba suna shan ƙura da hunturu, da damina kuma ruwa ya samu shiga. Kafin a zuba maka, ɗaga kwalbar ka duba gindinta a hasken rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka a ƙasa yake kwanciya, za ka gan shi ya ware dabam. In ka ga haka, kada ka karɓa, ko da kana saurin kasuwar Maigatari ranar Alhamis. In man ya yi, shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari a tace maka.

Dubi makunnin mai, akwai rubutu uku a jikinsa. ON a buɗe yake, OFF a rufe, RES kuwa ragowar man da ke can ƙasan tanki ne. A nan tsatsa da laka suke taruwa. Shi ya sa nake jin takaici in na ga mutum kullum a kan RES yake tafiya. Na san mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, amma kuɗin bakanike ya fi na lita ɗaya ciwo.

Ga aikin da za ka iya da kanka. Bari inji ya huce, ka kai babur fili, nesa da murhu da taba. Mayar da makunni kan OFF. A ƙasan kafireto akwai ɗan noti na zubar da mai. Tara gwangwani, ka sassauta shi. Abin da ya fito, duba shi da kyau: in akwai ɗigon ruwa ko baƙin gari, ka gano cutar. Ɗaure notin, ka buɗe mai. Filta in ta yi baƙi, canza ta. In an kwance kafireto, kada ka yarda a tsokani ƙaramar kafar mai da allura ko waya. Kafar za ta ƙara faɗi, babur ya koma shan mai kamar ba gobe. Iska ake hura mata.

Wasu sababbin babura ba su da kafireto, injekta gare su, wadda ke feshin mai da taimakon famfon lantarki da ke cikin tanki. Irin wannan, in ka murɗa makulli, jira ƙugin famfon ya tsaya kafin ka tayar. Kada ka bari tanki ya bushe, man ne ke sanyaya famfon. Wankin injekta kuwa, kai wa bakaniken da ya san ta.

Aikin gida: rubuta ON, OFF da RES a littafinka, ka rubuta ma'anar kowanne a gabansa. Gobe ka zo mana da abin da ka tara a gwangwani.